Kamun kifi da mazarin bogi: tambayoyin da kuke ta yi min da amsoshinsu

Tun ranar da na tura wa 'yan gida hoton wani kifi da ɗan ƙwaron gashin tsuntsu, wato mazarin bogi, maƙale a leɓensa ban huta da tambaya ba, wasu da gaske suke son sani, wasu kuma tsokana ce kawai, har wani yayana ya ce wai zaman Ingila ya mai da ni mai wasa da gashin kaza. To ga amsoshin a wuri ɗaya. Ni ba wani gwani ba ne, a tafkuna da madatsun ruwan tsakiyar Ingila na koya, kuma yawanci da asara na koya.

Wai tukuna, meye shi wannan kamun kifi na fulai ɗin?

Fatsa ce, amma ba tana ba ƙulli ba hanjin kaza. Ƙugiya ake ɗauka a naɗe ta da zare da gashin tsuntsu da gashin dabba har ta yi kama da ƙwaron da kifi ke ci, ita ake kira fulai. Tunda ba ta da nauyin da za a wurga ta, igiyar ce mai nauyi, ita ake kaɗawa gaba da baya a iska ta ja ƙwaron zuwa inda ake so. A ƙarshen igiyar akwai siririn zaren roba da kifi ba ya gani sosai, shi ne lida. Kifin da aka fi nema da ita a Turai da Amurka shi ne tirawut, kifin ruwan sanyi.

Mazarin da kake faɗa, shi ne dai wanda muke bi da gudu a bakin kududdufi muna yara?

Shi ne fa, ba wani ba. Sai dai gida biyu ne kuma mu duk mazari muke ce musu. Akwai babban, mai kauri, mai manyan idanu da suka kusa haɗewa a tsakiyar kai, in ya sauka fukafukansa a buɗe suke kamar jirgin sama. Akwai kuma siririn, kamar tsinken tsintsiya, idanunsa a gefe da gefe, in ya sauka sai ya naɗe fukafukan a bayansa, tashinsa ma a raunane yake. Shi masu fatsa ke kira damsel, ni ma haka zan riƙa kiransa a nan don kar mu rikice. Masana sun haɗa su a dangi ɗaya mai suna Odonata, kuma nau'insu ya haura 6,000 a duniya.

Yanzu kifi ne zai kamo mazari a sama? Abin da ko mu da hannu ba ma iya kamawa?

Yawwa, nan ne maganar take. Mazarin da kake gani yana shawagi ƙarshen rayuwarsa kake kallo, 'yan makonni ne kawai. Asalin rayuwarsa a cikin ruwa yake yi. Uwar ta saka ƙwai a ruwa ko a jikin ciyawar ruwa, ya ƙyanƙyashe ya zama wani ƙwaro mara fukafuki mara kyan gani ko kaɗan, shi ake kira nimf, ni ɗan mazari nake cewa. Ɗan damsel yakan yi kamar shekara 1 a ruwa, wani 2, shi kuwa ɗan babban mazari a ƙasashen sanyi yana iya yin shekara 2 zuwa 4 har ma fiye, yana girma yana saɓa yana farautar ƙananan ƙwari da 'yan talibambam, har da 'ya'yan kifi in ya samu. Yana da wani leɓen ƙasa mai gaɓa da yake naɗewa a ƙarƙashin fuskarsa, in abinci ya matso sai ya harba shi gaba ya cafko, kafin ka ƙifta ido an gama.

To ka ga kenan rani da damina, sanyi da zafi, akwai ɗan mazari a ƙarƙashin ruwa, kuma loma ce babba. Kifin da ya wuni yana tsintar 'ya'yan sauro ɗaya-ɗaya in ya ga ƙwaro mai tsawon santimita 4 ko 5 ai ya ga tsoka. Shi ya sa a akwatina in akwai fulai 10 na mazari to 9 na ɗan cikin ruwa ne, 1 kacal na mai fukafuki.

Ya zan gane ɗan damsel da ɗan babban mazari?

Ka samu rariya ko tsohon gidan sauro ka kwarfo ciyawar bakin tafki ka juye a farin bokiti, minti 5 ya ishe ka ka koyi abin da littafi ba zai nuna maka ba.

Ɗan damsel siriri ne, tsawonsa kamar santimita 2 zuwa 3, kai mai faɗi da idanu a gefe, a wutsiyarsa akwai wasu abubuwa 3 kamar ƙananan ganye waɗanda da su yake numfashi. In zai yi iyo sai ya riƙa karkaɗa jiki hagu da dama kamar ɗan maciji, wahala mai yawa tafiya kaɗan, ya ɗan yi gaba ya gaji ya tsaya, yana tsayawa ya fara nutsewa a hankali ƙafafu a baje, sannan ya sake farawa. Riƙe wannan tsayawar a ranka, za mu dawo kanta.

Ɗan babban mazari kuwa ƙato ne, ba ganye a wutsiya. Ta dubura yake numfashi, eh haka na ce, yana zuƙar ruwa ta baya yana fitarwa, in ya tsorata sai ya feso ruwan da ƙarfi ya yi tsalle gaba kamar inci 3 zuwa 6, fit, fit, fit. Su ma kala-kala ne: akwai dogo mai siffar sigari da ke hawa jikin ciyawa yana farauta, akwai gajere mai faɗi kamar gizo-gizo da ke kwanciya a ƙasa cikin gansakuka yana jiran abinci ya zo, akwai kuma mai binne kansa a laka ko yashi. A Ostareliya mudeye suke ce wa ɗan babban mazari, can har da ransa ake sa shi a ƙugiya a tafkuna irin su Eucumbene.

To ya ake jan igiyar?

In ba ka karanta komai ba karanta wannan. Fulai mai kyau da jan banza ba ya kama komai, fulai mummuna da ja mai kyau yana kamawa.

Shekarata ta farko na je wani ƙaramin tafki a watan Yuni, damsel shuɗaye ko'ina a kan ciyawa, kifi na ta juyi a gabana har ina ganin bayansu. Na ɗaura fulai mafi tsada a akwatina ina jefawa ina fizgowa da sauri kamar mai jan guga a rijiya, tun 9 na safe har azahar ko taɓawa babu, jikina har rawa yake don haushi. Wani dattijo Bature a gefena, da sanda duk ta koɗe, ya kama 4 ina kallo. Da na gaji na ajiye girman kai na je na tsaya bayansa. Wallahi hannunsa kusan ba ya motsi. Da yatsu yake tattaro igiyar cikin tafin hannu, inci ɗaya, inci ɗaya, ya yi haka sau 5 ko 6 sai ya tsaya cak kamar wanda ya tuna wani abu, ya ƙirga kamar daƙiƙa 4, ya ci gaba. Kifi na 5 a kan wannan tsayawar ya ɗauka, igiyar kawai na ga ta miƙe. Bai ce min komai ba sai ya nuna min hannunsa ya yi murmushi.

Don haka ga damsel: ja a hankali ƙwarai, gajere-gajere, da hutu. In kana jin kamar ka yi jinkiri da yawa to ka ƙara rage sauri. Ga babban ɗan mazari hanya biyu ce, ko dai ka bar shi ya kai ƙasa ka riƙa jansa yana rarrafe kamar mai farauta, ko ka yi fizga gajeru masu kaifi 2 ko 3 a jere sannan ka huta, kamar wanda ya firgita yana feso ruwa. Ni nakan haɗa, rarrafe mai tsawo sai fizga biyu. Sau da yawa bayan fizgar ne kifin da ke binsa a baya yake yanke shawara.

Ina zan tsaya, kuma ta ina zan jefa?

Inda ciyawar ruwa take. Ba ciyawa ba mazari, shikenan. Ka nemi bakin ciyawa inda ruwa ke fara zurfi, da ramukan da ke tsakanin ciyawa, da gindin iwa, zurfin mita 1 zuwa 4 galibi.

Akwai wani abu kuma da mutane ke mantawa. In lokacin fitar damsel ya yi, 'ya'yan ba a tsakiyar ruwa suke fashewa su tashi kamar wasu ƙwari ba, sai sun yi iyo kusa da saman ruwa sun nufi gaɓa ko wani abu da ya leƙo sama, su hau, su bushe, bayansu ya tsage, sabon mazari ya fito. Kenan duk tafiyarsu daga zurfi zuwa baki ce. Wanda ke tsaye a gaɓa ya huta, fulai ɗinsa dama gaɓa yake nufa. Amma wanda ke cikin kwalekwale a tsakiya yana jefawa baki yana jawowa zurfi, to ƙwaronsa shi kaɗai ke tafiya baibai a cikin dubbai, kifi mai wayo zai ƙyale shi. Gara ka kafe kwalekwalen kusa da ciyawa, bayanka na kallon gaɓa, ka jefa waje ka jawo ciki. Kuma dan Allah kar ka zo ka faɗa ruwa facal-facal da manyan takalma, kifin da kake nema wani sa'in taku 3 ne tsakaninku.

Wane lokaci ya fi?

A Ingila da Kanada da arewacin Amurka daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli ne damsel ke fita sosai, daga hantsi zuwa azahar in rana ta ɗan yi ɗumi. A Afirka ta Kudu da Ostareliya da Niyu Zilan abin a juye yake, bazararsu wajen Nuwamba zuwa Fabrairu ce. Manyan mazarin kuwa sun fi fita da dare ko da asuba, shi ya sa fulai ɗinsu ke aiki da magariba da sassafe. Alamar da ba ta ƙarya ita ce saɓa, in ka ga busassun ɓawon jikinsu maƙale a kara ko dutse a bakin ruwa to ana fita. Wata rana ma na duba ƙafata na ga guda 2 suna hawa wandon ruwana, sun ɗauka kara ne.

Wane fulai zan saya? Girma da launi fa?

Lambar ƙugiya a juye take, in lamba ta hau ƙugiya ta ƙanƙance. Damsel lamba 10 zuwa 14, babban ɗan mazari lamba 4 zuwa 10. Launi kuwa ka tuna miyar kuka, wannan koren mai duhu, shi ne uwa uba, sai ruwan ƙasa, sai kore mai haske. Suna ɗaukar launin wurin da suke zaune ne, don haka ciyawar tafkin za ta gaya maka.

A sunaye: Woolly Bugger, wanda Russell Blessing ya ƙirƙira a Pennsylvania a 1967, ba don mazari aka yi shi ba amma koren yana wucewa a matsayin ko wanne. Carey Special tsohon fulai ne daga British Columbia ta Kanada tun shekarun 1920, har gobe yana kama kifi a tafkunan Kamloops. 'Yan Afirka ta Kudu suna da Papa Roach na Herman Botes don babban, da Red-eyed Damsel na Hugh Huntley. Niyu Zilan suna da Hamill's Killer da Mrs Simpson. A shagunan Ingila kuma ba za ka rasa Blue Flash Damsel ba, sai dai gaskiya ni a ganina yawancin damsel na kanti sun yi ƙiba da yawa, wutsiya doguwa kamar ta doki. Suna kamawa fa, musamman kifin da aka zuba daga gona, amma ranar da kifi ke cin na gaske siririn ne ke aiki. Nakan tsinke rabin wutsiyar da farce. Da farce, ba almakashi ba, almakashi na barin bakin a miƙe kamar goga.

Igiya da sanda fa?

Sanda mai lamba 5 ko 6 (lambar nauyin igiyar da take ɗauka kenan), tsawon ƙafa 9 zuwa 10, ta isa. Damsel, igiya mai yawo a sama da dogon lida kamar ƙafa 12 zuwa 15, ko igiya mai nutsewa a hankali kamar inci 1 da ɗoriya a daƙiƙa, wannan ta biyun na fi so in akwai iska. Babban ɗan mazari, igiya mai nutsewa da sauri, ka jefa ka ƙirga kafin ka fara ja, in ka jawo ciyawa ka rage ƙirgen, in ba ka taɓa komai ba ka ƙara.

Wata dabara da na so ƙwarai: fulai marar nutsewa, na gashin barewa ko na soso, a kan igiya mai nutsewa da gajeren lida kamar ƙafa 3 zuwa 5. Igiyar ta kwanta a kan ciyawa, ƙwaron yana reto a samanta, in ka ja ya yi ƙasa in ka saki ya taso, ba ya maƙalewa. Sai dai kifi kan haɗiye shi can ciki in ka bar shi zaune, shi ya sa wasu wuraren ba sa yarda da ita in sakin kifin za ka yi.

To shi shuɗin fulai mai fukafuki na saman ruwa, ba ya aiki kenan?

Yana yi, amma ranakunsa kaɗan ne. Ranar iska, in tana kaɗo su daga kan ciyawa suna faɗawa ruwa, ko lokacin da matan ke saka ƙwai, don wasunsu har cikin ruwa suke bin kara su shiga, ko sabbin fita waɗanda jikinsu bai yi ƙwari ba, launinsu fari-fari mai ɗan kore, iska kaɗan ta yar da su. In ka ga kifi yana tsalle gaba ɗayansa a bakin iwa to su yake bi. Ka jefa kusa da karan ka bar shi zaune, in ya daɗe ka ɗan girgiza shi sau ɗaya. In ya ɗauka kar ka fizge nan take, bari ya juya kai ƙasa tukuna. Daɗin kallo dai ba a magana, amma in cika jaka kake so koma ƙasa.

Ina jin kifi na taɓawa amma ba ya kamuwa, ko zaren ya tsinke. Me ke faruwa?

In taɓawa ce kawai, wutsiyar ta yi tsawo yana cizon gashi bai kai ƙugiya ba, rage ta. Kuma kar ka ɗaga sanda da taɓawar farko, ci gaba da ja har ka ji nauyi. In tsinkewa ce, zarenka ya yi siriri, kifi da ƙarfi yake dukan babban ɗan mazari don ya san yana gudu. Kar ka sauka ƙasa da zare mai ɗaukar laba 6, in akwai ciyawa 8 ko 10. Ka riƙe bakin sanda ƙasa kusa da ruwa, kuma kar ka damƙe igiyar kamar kuɗin cefane.

Zan iya ɗaura nawa da hannuna?

Damsel na cikin mafi sauƙi. Ɗan tsakuren marabu, wato lallausan gashin talotalo da aka rina, ka bar bakinsa ya zama wutsiya ka naɗe sauran a jikin ƙugiya, ka bi da siririyar waya don ƙarfi, ƙafafu da ɗan gashin tsuntsu mai zane, idanu kuma ka yanko zaren roba mai kauri ka ƙona bakinsa biyu da ashana su dunƙule. Abin dariya, gashin zabo da muke sharewa a tsakar gida ranar da aka yanka, a nan cikin 'yar leda ake sayar da shi a shagon masu fatsa, kuma yana yin ƙafafun ɗan mazari da kyau. Fulai da yawa da ake sayarwa a Turai ma a Kenya ake ɗaura su da hannu, can dama tun 1905 aka kai tirawut kogin Gura a tsaunukan Aberdare.

A gida fa, in na je Tiga ko Kainji zai yi aiki?

Tirawut dai ka manta da shi, da ruwa ya wuce digiri 20 ya fara galabaita, namu kuwa ka san yadda yake. Amma mazari muna da shi fal, kuma kifayenmu suna cin 'ya'yansa. Tarwaɗa irin tamu 'yan Afirka ta Kudu suna kama ta da fulai a kogin Vaal, kuma a kogin Faro na arewacin Kamaru baƙi na zuwa takanas don kama giwan ruwa da tsage da fulai, duk da su da fulai mai kama da ƙaramin kifi ake nemansu. Da ni ne zan fara da ƙaramin damsel lamba 12 a bakin bado da kainuwa in nemi karfasa da kawara, bayan damina in ruwa ya fara washewa, don a ruwa mai laka kifi ba zai ga gashinka ba, tana ta fi ka. In akwai tsage a wurin sa 'yar waya a gaban fulai, haƙoransa reza ne. Ka gaida sarkin ruwa da masuntan wurin kafin ka jefa komai, su suka san inda kada da dorina suke, kuma kar ka tsaya cikin ruwan kwance ƙafa ba takalmin roba saboda tsargiya.

An ce wai kuna kamawa ku saki. Gaskiya ne ko sharri ake muku?

Gaskiya ne, kuma wannan ce tambayar da Hajiyarmu ta fi yi min, har yau ba ta gamsu ba. Ya danganta da tikitin da ka saya. A Ingila duk wanda ya kai shekara 13 sai da lasisin fatsa na hukumar muhalli, sannan ka biya kuɗin wurin daban, ko madatsar ruwa ta Rutland ce ko ta Grafham ko ƙaramin tafkin wani manomi, tikitin zai faɗa maka kifi nawa za ka tafi da su, sauran ka mayar. Wanda za ka saki ka danne ƙayar ƙugiyar da filaya tun kafin ka fara, ka jiƙa hannu kafin ka taɓa shi, kar ka ɗora shi a kan ciyawa kana neman waya don hoto. Danne ƙayar nan ma taimakon kanka ne, na taɓa cire fulai lamba 8 daga bayan kunnena ranar wata iska, tun daga ranar ba na jifa sai da hula da tabarau. Ni dai nakan ɗauki 2 in tikiti ya yarda, kuma ina yanka na farko nake buɗe cikinsa in ga me ya ci kafin in sake ɗaura wani fulai.